KoboCollect a karar Maigatari

Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu a Dutse ne ya hana ni amfani da takarda wajen tattara amsoshi. Bincikena a kan yadda masu dabbobi ke ciniki ta waya ne, har na shirya buga tambayoyi a wani shago a Gumel. Ya dube ni ya ce, "In ka tara su, wa zai shigar maka kwamfuta ɗaya bayan ɗaya?" Ta haka na san KoboToolbox, manhajar tattara amsoshin bincike, wadda aka ƙirƙira a 2005, masu aikin agaji kuma suka fi amfani da ita. A shafinta ake tsara tambayoyi, sai a sauke KoboCollect a wayar Android a shiga kasuwa. Ban biya ko sisi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ruwanta da sabis. Ranar Alhamis a Maigatari, ga ƙura, ga kukan shanu, waya tana ta neman sabis a bakin iyaka, amma duk amsar da na shigar tana nan a ajiye. Da daddare in na koma gida sai in tura su gaba ɗaya, da safe in sauke su a Excel, kowane mutum da layinsa, kowace tambaya da gurbinta. Wanda ya ce ba shi da asusun banki, da kanta take tsallake tambayoyin banki. Na rubuta komai da Hausa da Turanci, ƙugiyoyin ɗ da ƙ sun fito ras.

Kuskuren da aka yi nawa ne. Tambayata ta uku ita ce, "Ka taɓa ciniki ta intanet?" Kowa a'a. Wani dattijo dillali ma har da girgiza kai: "Ɗana, mu ina muka ga intanet?" Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara, ya juya ya ɗauki bidiyon wani bijimi, tozo, ƙafafu, har da buɗe baki a ga haƙora, ya tura wa mai saye a Legas ta WhatsApp. Aka yi ta muryoyi, aka daidaita, ya tsaya jiran alat. Na ce, "Baba, ai wannan nake tambaya." Ya ce, "To ka ce turawa mana!" Ya ce tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 tiransifa ta zauna musu, la'adarsa ma wani lokaci ta wurin mai POS yake karɓa.

A daren na gyara tambayar, na raba ta uku: tura hoto, daidaita farashi, karɓar kuɗi. Sai dai na manta ban ce wa ƙanena da ke taya ni ya sauke sabon fom ba, ya wuni da tsohon. Kwana biyu na yi ina daidaita amsoshinsa da nawa.

Ɗalibin da zai shiga ƙauye, ina ba shi shawarar KoboCollect. Ya tafi da abin cajin tafi-da-gidanka, don allo a ranar Maigatari yana shan batir, kuma ya gwada tambayoyinsa a kan mutum biyar kafin ranar kasuwa.