Hedar Salansa a Kan GT86: Abin da Ta Gyara da Abin da Ta Jawo

Duk wanda ya taɓa tuƙa Toyota GT86 ko 'yar uwarta Subaru BRZ, samfurin farko da ya fito a 2012, ya san wurin da nake nufi. Ka taka totur a giya ta uku, mota ta ɗauka da kuzari, allura na hawa, da ta iso wajen juyi 3,500 a minti sai jan ya lafa. Ba shaƙewa take yi ba, ƙarfin ne kawai yake ja baya, sai allura ta haura 4,500 sannan ta farfaɗo ta miƙe har 7,400 inda jan layi yake. Wannan kwari na tsakiya shi ya sa na sayi heda, kuma da shi na auna ta. Ta cike shi, amma ba ita kaɗai ba, sai da aka sake saitin ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. Wanda zai yi ɗaya ya bar ɗaya, gara ya riƙe kuɗinsa.

Heda ita ce bututan farko da hayaƙi ke faɗawa ciki da zarar ya fito daga silinda, kafin su haɗe su zama bututu guda ya nufi salansa. Injin wannan mota, FA20, mai lita 2 ne, silinda huɗu a kwance, biyu a dama biyu a hagu, don haka hedarsa a ƙarƙashinsa take, ba a gefe ba. Yana ba da ƙarfin doki 200 a juyi 7,000, ƙarfin murɗawarsa kuma Nm 205 ne, wanda ba ya cika sai allura ta kai wajen 6,400. Ba shi da turbo. Inji irin wannan ba abin da ke tura masa iska, abin da ya iya shaƙa da kansa shi ne rabonsa, kuma ba zai shaƙi sabuwa da kyau ba sai ƙonanniyar ta fita tas.

A nan aikin heda yake, kuma mutane da yawa sun ɗauka faɗin bututu ne kawai. Hayaƙi ba kwarara yake yi ba, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da nata lokacin. Kowane bugu idan ya wuce da gudu yana barin wani gurbi mai zuƙa a bayansa, kamar yadda babbar mota ke jan ƙura da busassun ganye idan ta wuce ka a guje. Akwai ɗan lokaci ƙanƙani da bawul ɗin fitarwa bai gama rufewa ba, na shaƙa kuma ya fara buɗewa. Idan zuƙar nan ta iso bakin silinda daidai wannan lokaci, sai ta kwashe ragowar hayaƙi, ta kuma taimaka wajen jawo sabuwar iska. Tsawon bututu, kaurinsa, da inda bututan suka haɗu su ke yanke a wane juyi wannan dacewa za ta faru. Bututun da ya yi faɗi fiye da kima yana rage gudun hayaƙin, zuƙar ta yi rauni, mota ta yi nauyi a ƙasa. Shi ya sa ban bi ta kan masu tallan babban bututu ba.

Ban ga laifin hedar da motar ta zo da ita ba. An yi ta ne don ta cika sharuɗɗa da yawa a lokaci guda. Matatar hayaƙi, wadda ke rage gubar da ke cikinsa, ba ta fara aiki sai ta yi zafin da ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Selsiyos, don haka aka cusa ta cikin hedar, dab da injin, ta yi saurin ɗumama da safe. Ga dokar ƙara, ga buƙatar ta yi shekaru ba ta tsage ba. Mai sayen heda daga waje yana sayar da wani ɓangare na wannan natsuwa ne don ya sayi numfashi.

Zaɓi biyu ne suka kasance a gabana. Na farko, bututa masu tsawo ɗaya ko masu bambancin tsawo. Gurnanin nan mai ɗingishi da aka san tsofaffin Subaru Impreza WRX da shi, daga bambancin tsawo yake fitowa: turbo ɗinsu a gefe guda yake, hayaƙin ɗaya ɓangaren sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso, bugun ya riƙa zuwa ba a jere ba. Da WRX ta 2015 ta zo da turbo a ƙarƙashin inji da bututa masu tsawo ɗaya, gurnanin ya tafi. Ina son wannan sauti ƙwarai, kuma na san masu irin motata da yawa sun saka mai bambancin tsawo sun ji daɗinta, ita ma tana cike kwarin idan an yi saiti. Amma ni na fi tuƙi a saman allura, inda bugu mai zuwa a jere ya fi amfani, sai na ɗauki mai tsawo ɗaya, wadda bututa huɗu ke haɗewa su zama biyu, biyun su zama ɗaya.

Na biyu, mai matata ko marar matata. Marar matata ta fi araha, ta fi sakin hayaƙi, kuma ban ko tsaya tunaninta ba. Warin ɗanyen mai da take bari a bayan mota, wanda ke biye da kai ne ke shaƙarsa. Na ɗauki mai matata mai saƙar ƙarfe, ramuka 200 a kowane inci murabba'i, alhali irin na kamfani kan kai 400 zuwa sama.

Da kwalin ya iso na daɗe ina juya ta a hannu. Ƙarfe ne marar tsatsa samfurin 304, waldar ta fita sumul, ɗuri-ɗuri a jere ba tsalle. Na leƙa cikin mahaɗar da tocila, an goge ta, babu tsinin walda da zai tare hayaƙi. Farantan da ke manne wa kan inji masu kauri ne, na ɗora ƙarfen awo a kansu ban ga haske ta ƙasa ba, wato a miƙe suke. Gaskit ɗin da suka haɗo da ita ne bai yi mini ba: siriri, mai laushi, kana lanƙwasa shi da yatsa biyu. Kayan da aka yi wa walda irin wannan bai kamata a haɗa shi da gaskit irin wannan ba. Na ajiye shi na sayi na ƙarfe mai hawa-hawa irin na asali.

Ɗaurawar ba ta da wuyar fahimta, amma tana son haƙuri, kuma tana son inji ya huce sarai. Ni da bakanike muka yi ta, mota a kan na'urar ɗagawa. Wanda zai yi a gida da jak, kada ya shiga ƙarƙashin mota sai ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ana cire farantan da suka rufe ƙasan inji, a cire wayoyin sensa biyu na iskar oksijin, ɗaya kafin matata ɗaya bayanta, sannan a kwance su da soket mai tsaga na milimita 22. Notunan da suka riƙe hedar a kan inji na milimita 14 ne. Mun feshe su da man sassauta tsatsa tun daren da ya gabaci aikin, duk da haka ɗaya ya ƙi. Bakaniken bai yi masa ƙarfi ba. Ya ɗan ɗaure shi gaba kaɗan, ya dawo da shi baya, ya ƙara feshi, ya jira, ya sake, har ya saki da wata 'yar ƙara. Kan injin alminiyon ne, idan kusar ta karye a ciki aikin awa biyu ya zama na kwana da kwanaki.

Wurin mayarwa, duk notunan da hannu aka fara ɗaura su, ba a matse ko ɗaya ba sai da kowace mahaɗa ta zauna daidai, sannan aka bi su da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ramin sensa na baya a sabuwar hedar ya ɗan karkata daga inda na asali yake, wayar ta zo a miƙe tsam, ba sarari. Dole muka kwance wani maƙali muka sake mata hanya nesa da bututu. Takardar da ta zo cikin kwalin ba ta ce komai a kan wannan ba, kuma waya ce da idan ta taɓa bututu mai zafi narkewa za ta yi. Kafin mu tayar da inji mun goge hedar gaba ɗaya da tsumma da sinadarin cire maiƙo, domin shatin yatsa mai mai idan zafi ya gasa shi a kan irin wannan ƙarfe, zama yake yi.

Tashin farko da ɗan hayaƙi da ƙauri, ragowar mai ne ke ƙonewa, ya wuce cikin mintuna. Abin da muka kasa kunne muna nema shi ne ƙaramar ƙara mai tik-tik a bakin faranti, alamar yoyo. Yoyo a wannan wuri ba ƙara kaɗai yake jawowa ba. Yana zuƙo iska daga waje kafin sensa ta gaba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara zuba shi. Ba mu ji komai ba. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau da dama na koma aka sake bin notunan, aka duba ko akwai baƙin kunkunniya a gefen gaskit, babu.

Kafin saiti, gaskiya sakamakon bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Sauti ya buɗe, totur ya ɗan ƙara saurin amsawa, kwarin ya rage zurfi amma yana nan. Ba a jima ba fitilar gargaɗin inji ta kama. Na'urar karanta matsala ta nuna P0420, wato ƙwaƙwalwa na ganin matata ba ta tace hayaƙi yadda ta saba gani. Wannan sananne ne ga matata mai manyan ramuka, domin ƙwaƙwalwa na auna abin da sensa ta baya ke gani ne da ma'aunin matatar asali.

Saitin ne ya fito da abin da na biya kuɗi dominsa. Ƙwaƙwalwar injin an tsara ta ne a kan numfashin tsohuwar heda: yawan mai, lokacin tartsatsin filogi, da lokacin buɗe bawul, wanda a wannan inji ana iya matsar da shi gaba ko baya a ɓangaren shaƙa da na fitarwa. Mai saitin ya ɗora motar a kan injin gwaji ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. A takardar da ya ba ni, layin ƙarfin murɗawa da a da yake lotsawa a tsakiya ya kusan miƙewa. A can ƙololuwa ƙarin kaɗan ne, bai kai a yi shela ba. Amma a hanya, tsakiyar nan ita ce inda mutum ke rayuwa. Kwanar da a da sai na sauko giya ta biyu in fita da ƙarfi, yanzu ta uku na ɗauke ta. Wuce babbar mota a hanya mai layi biyu ya daina buƙatar dogon lissafi. Motar ba ta zama wata mota ba, nauyinta da ƙarfinta na nan kusa da inda suke, jan ne ya zama ɗaya daga ƙasa har sama. A nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai abin da ta jawo. Zafi ne na farko. Hedar asali tana da rigunan ƙarfe masu tare zafi, wannan tsirara take, hayaƙin inji kuwa idan ana taka shi yana iya haura digiri 800. Bayan doguwar tafiya ana jin hucin a ƙarƙashin bonet fiye da da, bututan kuma sun rine daga fari zuwa ruwan zinariya, shuɗi-shuɗi a kusa da inji. Na ƙi naɗe ta da ƙyallen tare zafi saboda yana riƙe danshi da mai, yana kuma gajiyar da ƙarfe. Fentin yumɓu da ake gasawa a jikin bututu ya fi, kuma ana yin sa ne kafin a ɗaura, don haka mai niyya ya nemi wadda aka riga aka yi wa. Ni na sa garkuwar zafi a kan wayoyi da robobin da ke kusa.

Na biyu sauti. Na bar tukunyar salansa ta asali, kuma ina ba kowa shawarar ya fara a haka. Da safe idan inji na sanyi ƙarar tana da kaifi na ɗan lokaci, maƙwabci zai san ka tashi. Idan ya ɗumama tana komawa murya mai tsabta, tana ƙara daɗi daga 5,000 zuwa sama. Akwai 'yar kakkaɓar ƙarfe da nake ji idan na saki totur a tsakiyar allura, ba ta dame ni ba, amma tana nan. Na ji irin wannan heda a motar da aka cire wa matata aka kuma sa buɗaɗɗiyar salansa, minti goma a ciki kai ya fara sarawa.

Doka kuma ba abin wasa ba ce. A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta cirewa ko lalata kayan tace hayaƙi a motar da ke hawa titi, jihar Kalifoniya ma sai kaya na da lambar amincewar hukumar kula da iskarta. A Birtaniya motar da aka cire wa matatar da ta zo da ita ba ta tsallake gwajin shekara-shekara. Kamfanin inshora yana so a sanar da shi, garantin inji kuma yana iya samun matsala da zarar an taɓa ƙwaƙwalwa. Tsohuwar hedar na ajiye ta a wuri busasshe, akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom a cikin matatarta, kuma ranar sayar da mota ko gwajin hayaƙi za a neme ta.

Mai GR86, samfurin da ya biyo baya da inji lita 2.4, lissafinsa daban ne. Wannan inji yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa, Nm 250, tun a juyi 3,700, daidai inda tsohon ke lafawa, don haka babban dalilin da ya kai ni ga heda ya ragu sosai a wurinsa. Mai tsohon samfuri da ke jin kwarin nan kullum, ya haɗa kuɗin heda mai matata, gaskit na kirki da saiti a lissafi guda kafin ya yi oda, ya kuma tabbatar akwai mai saitin da ya san FA20 a inda zai iya kai motarsa.