Gargaɗi: mai farar riga da ke cewa yana gyaran wuya a Gusau

Wallahi tun jiya nake rubuta wannan ina gogewa saboda ɓacin rai. Naira 185,000. Kuɗin ɗinkin Sallah ne, dare nawa na raba a kan keke kafin na tara su, wani ya lamushe cikin sati biyu.

Ni tela ne a Tudun Wada, shekara 14 ina duƙe a kan keken ɗinki. Ciwon wuyan nan ya kai shekara 2 yana cina, daga ƙeya ya gangaro kafaɗar dama. Ya kai idan zan yi sallama a salla sai na juya da kafaɗa gaba ɗaya, wuyan ba ya kaiwa. Wanda bai ɗanɗani wannan ba kada ya zo min da "me ya kai ka".

Tallar mutumin na gani a Facebook, kuma ba haka kawai na yarda ba. Na nemi takardarsa, ya nuna min a waya. Ya buɗe hoton ƙashin wuya ya ƙirga min guda 7, kuma 7 ɗin ne. Amma abin da ya kama ni shi ne lokacin da ya ɗora babban yatsa ƙasan ƙeyata ya danna, ya ce: "Maigida, nan ne ko? Kuma in za ka yi sallama, dama ce ke ƙi." Ban faɗa masa ba! Ko ɗaya ban faɗa masa ba. Wa zai ji haka bai miƙa wuya ba? Sai shekaranjiya ina kwance na tuna ashe sahu ɗaya muka yi La'asar da shi kafin mu shiga ɗakin otal ɗin da yake duba mutane. Kallona ya yi. "Maigida, nan ne ko?" Har yanzu muryar tana kunnena.

Na tura 120,000 na zama goma, sai 65,000 na wani abin wuya mai famfo da ya ce daga Jamus. A'a, abin wuyan na fara biya, ranar da na ga tallarsa a Facebook, 120,000 ɗin a ɗakin otal ne ta POS. Duka dai 185,000. Zama biyu kacal aka yi cikin goma. A na biyun ya kama haɓata ya murɗa, na ji ƙas, ya ce ciwon ne ya fita. Daren nan jiri, yatsuna biyu suna tsirawa kamar ana soka min allura. Na koma ranar zama na uku, ɗaki a kulle, aka ce ya tashi. Waya a kashe, shafin ya ɓace.

Ƙanena ne ya ja ni sashen fisiyo (masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar tausa da motsa jiki) na asibitin tarayya da ke nan Gusau. Da na ba likitar labari sai da ta ajiye biro. Ta ce jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwan wuya suke bi, murɗa wuya da ƙarfi ba tare da bincike ba na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Abin wuyan da ya ce in dinga kwana da shi kuwa, yawan sa shi raunana naman wuya yake yi. Ita a hankali take tausawa tana motsa gaɓoɓin, ta koya min jan haɓa baya sau 10 da matse kafaɗu baya, ta ce in dinga tashi daga kan keke duk bayan rabin awa. Ta ce tausa kaɗai ba ta ɗorewa sai da motsa jiki a gida, kuma aikin makonni ne. Shi kuwa kwana 5 ya yi min alkawari, a kan 185,000.

Kada ku bar kowa ya murɗa muku wuya a ɗakin otal. Ku nemi lasisin hukumar MRTB mai yi wa likitocin fisiyo rajista, na gaske a hannu, ba hoto a waya ba.

Rasit ɗin POS da hirarmu ta WhatsApp duk suna nan, da dare zan ɗora su in na rufe shago. Ranar da na biya akwai wata dattijuwa da ɗanta a bakin ƙofa suna jiran layi. Duk wanda ya san su ya taimaka ya haɗa mu, gobe zan kai ƙara wurin 'yan sanda.