Horon fasaha da munka yi cikin dogon hutu, ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Tun da anka koma makaranta mutane ke tare ni, wasu a ofis wasu a WhatsApp, wai Malam ya horon nan da kunka je cikin hutu, ya kai mutum shi kashe kuɗin kabu-kabu ko ko irin taron nan ne na a sha lemu a ɗauki hoto a watse? Tau bari in faɗa sau ɗaya kowa shi ji.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati nan cikin garin Sakkwato, shekarata sha huɗu da alli a hannu. Cibiyar da ta shirya horon ta wasu matasa ce 'yan garin nan, mafi yawansu sun gama Jami'ar Ɗanfodiyo, gida sunka kama sunka mai da falon ɗakin kwamfuta, ga sola bisa rufi ga intanet. Aikinsu na kullum koya ma matasa rubuta manhaja da zane da tallar kaya a intanet, wanga karon ne sunka ce bari su jawo malaman makaranta, tare da alkawarin haɗa mu da masu sana'a. Kwana goma munka yi, ba su amshi ko kwabo ba, amma abinci da abin hawa kai za ka ji da kanka.

Wallahi ranar farko da shakku na shiga, don na sha zama inda mutum zai kunna furojekta shi yi ta karanto turanci har azahar ka fito ba ka ƙaru da komi ba. Sai ga wata yarinya, sa'ar ɗiyata ta fari, ta tsaya gaban allo ta gaishe mu har da rusunawa, tac ce iyayena malamai kafin mu taɓa kwamfuta ina son kowa shi faɗa min sana'ar da iyayen ɗalibanshi sunka fi yi. Munka fara jerowa, noman albasa, dukanci, kilishi, kiwo, fura da nono, kabu-kabu, awara. Ta rubuce su duka bisa allo tac ce tau waɗanga su ne darasinmu har mu gama. Nan take na gyara zama.

Darasin albasa shi ne ya fi tsaya min a rai. Sun gayyato wani matashi mai saro albasa daga wajen Goronyo da Wurno yana kaiwa kudu, yaz zo da littafinshi na lissafi wanda duk ya yi datti da jan ƙasa, munka buɗe Excel, manhajar jadawalin lissafi, muna shigar da abin da ke cikin littafin, kuɗin buhu, kuɗin dako, kuɗin mota, la'adar dillali, da buhunan da sunka ruɓe a hanya. Da anka gama sai mai koyarwar tac ce a ƙara ma kuɗin mota kaɗan mu gani, ana canza lamba ɗaya sai riba ta sauka da kanta a ƙasa, mai albasar ya yi shiru yana kallon allon kwamfuta can yac ce ashe nan ne kuɗina ke zurarewa. Ni ko abin da ke raina daban ne, shekara sha huɗu ina koyar da riba da faɗuwa da kashi cikin ɗari da misalan littafi, alhali rabin ajina in an tashi makaranta wurin albasa ko shagon uba suke nufa. Abin ya dame ni ƙwarai, har na koma gida ina ta juya shi.

Washegari sunka kawo wani ɗan allo na lantarki da bai kai tafin hannu ba, Arduino sunanshi, an jona mashi wani ɗan abu mai auna zafi da laima. Dalilin, kowa ya san albasa na araha lokacin da anka cire ta da rani, mai haƙuri shi jera ta cikin rudu shi jira ta yi tsada, amma in damina ta shigo laima ta kama ta sai ruɓa. Yarinyar ta ɗauki abin ta huro mashi iskar bakinta, lambar laima ta fara hawa a kan kwamfuta muna gani, wani dattijon malamin kimiyya da ke kusa da ni, saura kaɗan shi yi ritaya, yac ce ke ɗiyata ba ni in hura da kaina. Ya hura, lamba ta hau, ya yi dariya awa ƙaramin yaro. Bayan nan shi ne kullum ke fara zuwa.

An koya muna Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta yi don yara, kyauta ce kuma tana aiki ko ba intanet in an sauke ta, ba rubutu ake ba jera tubala ake awa gini. An koya muna shirya tambayoyi a Google Forms, inda ɗalibi ke amsawa bisa kwamfuta ko waya. Wannan na da amfani sosai, tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya amma har yau akwai yaranmu da ranar jarrabawa ce rana ta farko da hannunsu ke taɓa maus.

Sai maganar haɗa mu da masu sana'a, wadda ita ce ainihin abin da sunka yi alkawari. Mu malamai mun san tun 2011 anka shigo da darussan sana'a a manhajar babbar sakandare, har da gyaran waya da aikin fata da kiwo, amma a makarantu da yawa bisa allo ake gyaran wayar, bisa allo ake ɗinka takalmin. A garin da fatar jar akuyarshi ta yi suna har ƙasashen waje! Sun kwashe mu zuwa shagon wani baduku matashi da ke ɗaukar hoton jakunkuna da takalma yana sawa a Instagram, masu saye daga Legas da Abuja na turo kuɗi shi aika masu ta tasha, ya yarda malami shi kawo ɗalibai biyar biyar ranar Asabar su gani da ido. Haka wani mai haɗa sola ya yarda. Kuma a nan na fara jin bayanin 3MTT dalla-dalla, shirin da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani, sun nuna muna yadda ake cike rajista don mu nuna ma ɗalibanmu da sunka gama suna zaune gida.

Amma fa akwai gyara, kuma don ina son abin shi ɗore nike faɗa. Kwamfutocin sun yi kaɗan, mu uku uku muke zama kan ɗaya, mai saurin hannu shi kama maus sauran su zama 'yan kallo. Ranar da hadari ya rufe kwana biyu batirin sola ya mutu tun kafin la'asar ga wuta an ɗauke, haka munka watse. Ɗaya daga cikin masu koyarwar turanci yake zubawa ba birki, sai da wata malama tac ce mashi ƙanena sassauta ka yi muna da Hausa, kuma ya gyara, Allah shi yi mashi albarka. Lokacin tashi ma ya takura ma mata, ana kaiwa dab da magariba, malamai mata biyu sun daina zuwa saboda girki da yara, da an fara da safe an tashi azahar da ba a rasa su ba. Kuma duk 'yan cikin gari ne mu, ban ga malami ko ɗaya daga Gwadabawa ko Raba ko Tangaza ba, alhali can ne gonakin suke.

Abin da ya fi ci min rai shi ne bayan an gama. Sun ce za su riƙa zagayowa makarantu da kwamfutocinsu duk wata, sau ɗaya sunka zo wurinmu, yara sunka cika aji har taga, tun daga nan shiru. Guruf ɗin WhatsApp da anka buɗe ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a. Na san matasa ne masu neman na kansu kuma mai ya yi tsada, amma in ba za a iya duk wata ba a ce sau ɗaya a zango, mu san abin da za mu faɗa ma yara, don kullum sai sun tambaye ni Malam yaushe masu kwamfuta za su dawo.

Duk da haka ni na amfana. Yanzu da wayata nike buɗe jadawalin Excel ɗin in zagaya da ita benci benci, kuma wata ɗalibata 'yar aji huɗu ta kawo min lissafin awarar mahaifiyarta na sati ɗaya, waken suya da mai da itace da leda, munka zauna munka fidda mata ribar kowace rana. Sun ce akwai wani zagayen a hutu mai zuwa. In za ka je ka tafi da filashi don kwasar manhajojin, in kana da laftof ko ta aro ce ka riƙo ta, kuma ka amshi lambar badukun da mai solar da hannunka tun a wurin, kar ka jira guruf.