Ƙuna mai zurfi: a yanke matacciyar fata ko a jira ta ɓare?

Idan ƙuna ta haura kashi 20 cikin ɗari na fatar jiki, fararen ƙwayoyin jini sukan yi yawa a ranar farko, amma ƙarfinsu na kashe ƙwayoyin cuta ya ragu. Matacciyar fata kuwa jini ba ya ratsa ta, don haka su da allurar kashe ƙwayoyin cuta ba sa kaiwa can.

Mai jira yana wanke ciwon kullum, ya shafa man kashe ƙwayoyin cuta mai suna silver sulfadiazine, har fatar ta ɓare da kanta cikin mako 2 zuwa 3. Duk tsawon lokacin ƙwayar cutar Pseudomonas na samun mafaka a matacciyar fatar, kumburi bai lafa ba, garkuwar jiki na ƙara gajiya. Man ma kansa yakan sauke adadin fararen ƙwayoyin a kwanakin farko, kodayake sukan farfaɗo.

Yankewa a kwana 3 zuwa 5, a dasa sabuwar fata, tana kawar da tushen kumburin. Matsalarta zubar jini, sai da jinin ƙari a ajiye. Inda akwai shi da ƙwararren likitan tiyata, ita ta fi. Ƙunar sama-sama kuwa, wanki ya ishe ta.