Sharhi kan shafin The Forgiveness Project

The Forgiveness Project ƙungiya ce da 'yar jarida Marina Cantacuzino ta kafa a Birtaniya a 2004, kuma abin da shafinta na intanet yake ba mai karatu kyauta shi ne labaran waɗanda aka zalunta da na waɗanda suka yi zaluncin, kowa daga bakinsa. Ƙungiyar ba ta jingina da wani addini ba, ba ta kuma tilasta wa kowa ya yafe.

Labarin da ya fi nuna amfanin shafin shi ne na Jo Berry, wadda mahaifinta, ɗan majalisa Anthony Berry, yana cikin mutum 5 da suka rasu a bam ɗin da ƙungiyar IRA, mai gwagwarmaya da makami don raba Arewacin Ireland da Birtaniya, ta dasa a wani otal a garin Brighton na Ingila a 1984 da nufin hallaka Firaminista Margaret Thatcher. An yanke wa Patrick Magee, wanda ya dasa bam ɗin, ɗaurin rai da rai a 1986, aka sake shi a 1999 bisa yarjejeniyar zaman lafiya ta Arewacin Ireland, sannan Jo Berry ta zauna da shi ido da ido a 2000. Haka nan Mary Johnson ta Amurka ta yafe wa Oshea Israel, wanda ya kashe ɗanta a 1993, amma sai da ya shafe shekara 17 a kurkuku kafin su zama maƙwabta. Duk mai zaton cewa yafiya tana nufin a saki mai laifi ya tafi salin alin zai ga cewa a waɗannan labaran hukunci ne ya riga, yafiyar kuma sha'ani ne na zuciyar wanda aka cuta, wanda alƙali ba shi da hurumi a kai.

Raunin shafin, a ganina, yana cikin zaɓen masu ba da labari, domin galibinsu sun riga sun karkata ga sulhu, muryar mai neman a tsananta hukunci kuwa ba ta cika fitowa ba, alhali shi ma yana da hujjarsa. Labaran kuma da Turanci suke, don haka wanda bai iya harshen ba sai ya nemi mai fassara masa. Duk da haka, lauyoyi da ma'aikatan gidan yari da masu sasanta rikici za su ƙaru da shi sosai.