Wane dodon wata duniya ya cancanci gurbi a memorinka?

Makon jiya ƙanena ya kira ni daga rumfar mai tura finafinai a kasuwar Garwa. Memorinsa ya kusa cika, kuɗin fim biyu ne kawai a aljihunsa. Ya ce, "Yaya, wanne ya fi ban tsoro?" Na ce kada tsawon haƙoran da ke jikin hoto ya ruɗe shi. Ya fara sanin yadda dodon ke haihuwa da yadda yake zama da 'yan'uwansa, don irin tsoron da zai saya daga nan yake fitowa.

Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a kusurwar bango ya ga tsutsotsi a ciki, a sandare amma da ransu, an ajiye su ne don ɗan zanzaro ya ƙyanƙyashe ya ci. To, haka dodon Alien yake, fim ɗin Ridley Scott na 1979. Ƙwai ya buɗe, wani abu mai yatsu ya maƙale a fuskar mutum ya dasa masa ɗa, ɗan ya girma ya fasa ƙirji ya fito. Jininsa kamar ruwan batir ne, yana cin ƙarfe, shi ya sa mutum bakwai da ke cikin jirgin sararin samaniyar da ya shiga ba su isa su harbe shi yadda suka ga dama ba. Dodo ɗaya ne tak, kuma fim ɗin a hankali yake tafiya. Mai gajen haƙuri zai ƙosa.

Sai a Aliens na 1986, aikin James Cameron, aka nuna gidansu. Gidan gara ne sak, irin surin da muke wucewa a hanyar Ngaundere: uwa ɗaya mai kumburarren ciki tana zuba ƙwai, sauran suna kamo mutane suna manna su a bango. Akwai wurin da har yau yake tsaya mini a rai. Ripley, jarumar fim ɗin, ta nuna bindigar wuta ga ƙwayayen, uwar ta waiwaya ta yi wa mayaƙanta alama, suka ja da baya. Ashe tana tunani, tana kuma jin 'ya'yanta kamar kowace uwa. Wanda zai ɗauki ɗaya cikin biyun nan, ya ɗauki wannan.

Na Predator, fim ɗin 1987 da Arnold Schwarzenegger ya fito, maharbi ne mai doka. Zafin jiki yake gani, don haka taɓo ya ɓoye jarumin. Ba ya taɓa wanda ba shi da makami, ƙoƙon kan wanda ya kayar kuma ajiye shi yake yi don alfahari. A kashi na biyu, na 1990, an ga suna da dattawa masu girmama wanda ya gwada ƙarfi da su ya yi nasara. Fim ne na kallo da abokai ana ihu, tsoronsa ba ya bin mutum har shimfiɗa.

A Quiet Place na 2018 kuwa, dodanninsa makafi ne masu sulke, kunne ne idonsu. Ba a nuna musu shugaba ko gida ba. Rabin fim ɗin shiru ne da maganar hannu, saboda haka idan janareto na ruri a bayan ɗakinka, ko ba ka da abin sawa a kunne, kuɗinka ya tafi a banza.

Ni dai zaɓina The Thing ne, na John Carpenter, 1982. Wannan ba shi da uwa, ba shi da sarki, ba shi ma da siffar kansa. Yakan cinye halitta ya koma kamanninta har da murya, kuma kowane ɗigon jininsa rai ne mai kare kansa. Maza goma sha biyu ne a sansanin bincike a ƙanƙarar Antaktika, abin ya shigo musu a siffar kare. Daga nan kowa ya fara kallon kowa. Wanda ya taɓa ganin yadda zargin maita ke raba maƙwabtan da suka shekara ashirin suna ci a kwano ɗaya zai gane fim ɗin nan tun kafin a yi nisa. Kalli inda aka ɗaure mutane a kujera, aka ɗebi jinin kowa a faranti, ana ɗana masa wayar ƙarfe mai zafi ɗaya bayan ɗaya. Na kowa ya yi cuwat ya yi shiru, sai na mutum guda ya yi ƙara ya zabura. Don Allah kada a kalle shi da yara.

Ƙanena ya ɗauki The Thing da Aliens. Na ce kafin ya biya, mai rumfar ya kunna masa daga tsakiya, don yawancin Aliens a duhu yake, kwafi mai arha kuwa baƙi kawai zai nuna a waya. Ya kuma saurari harshen, saboda mafi yawan waɗanda ke yawo a nan muryar Faransanci aka ɗora musu.