Kiban kabon da na sa aka yanka mini: inda shagon ya yi daidai da inda ya gaza

Dozin ɗaya na kiban kabon, wato masu sandar da aka ƙera da zaren kabon (carbon), na saya daga wani shagon kayan harbi na intanet a Amurka, irin waɗanda ke yanka maka kibiya daidai tsawon da ka faɗa kafin su aiko. Bakana na zamani ne, mai 'yan tayoyi a kawunansa biyu, irin wanda Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro a jihar Misuri, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1969. Ƙarfin jansa laba 60, tsawon jan, wato nisan da nake jan tsirkiya, kuma inci 28.

Kayan kam ba laifi. Kiban sun zo a miƙe sambal, na mirgina kowace a kan tebur ban ga wadda ke rawa ba. Yankan ma ya fita tsaf, alamar da zarton inji mai gudu aka yi shi, domin kabon ba ya son zarton hannu, tsagewa yake yi. Guda ɗaya ce ta zo da 'yar ɓantara a baki. Na lanƙwasa ta a hankali kusa da kunne, na ji wani ɗan ƙas, sai na ajiye ta gefe. Kibiyar kabon mai tsaga tana iya fashewa lokacin saki, kuma hannun da ke riƙe da baka ne zai sha.

Inda na ga gazawarsu shi ne wajen karɓar oda. Gurbi ɗaya suka ba ka: rubuta tsawo. Babu bayanin daga ina ake aunawa. Alhali ƙa'idar ita ce daga cikin tsagar gindin kibiya, inda tsirkiya ke zama, zuwa ƙarshen sandar, ban da tsinin. Sabon shiga zai ɗauka tsawon jansa zai rubuta kawai. Wani lokaci ya dace, wani lokaci a'a, ya danganta da inda majinginar kibiya, wato abin da ake ɗora kibiya a kai kafin saki, take a jikin bakan. Maharbinmu na gargajiya da kibiyar kyauro yana jan tsirkiya iya yadda ya ga dama, amma wannan baka yana da inda yake cijewa, ba ya wucewa. To, a nan ake awo: ka ja har ya cije, wani ya sa alama a kibiyar da ba a yanka ba, wajen inci ɗaya gaban majingina. Ni inci 28 da rabi ya ba ni. Kibiyar da ta gajarce tana iya zamewa daga majinginar ta nufi hannunka.

Abu na biyu da ba su ko ambata ba, tsawo da tauri tafiyarsu ɗaya. Lambobin da ke jikin sandar, 300, 340, 400, 500, awon lanƙwasarta ne idan an ɗora ta kan matokarai masu tazarar inci 28, aka rataya mata laba 1.94 a tsakiya. Ƙaramar lamba ta fi tauri. Duk incin da ka rage, kibiya na ƙara tauri. Tsini mai nauyi kuma na sassauta ta. Na zaɓi 340 bayan duba jadawalin kamfanin da ya ƙera su, kuma a mita 30 suna taruwa wuri guda yadda nake so.

Zan sake saye a wurinsu, amma saboda na riga na san awona. Wanda bai taɓa aunawa ba, gara ya ce a aiko masa ba yanka, ya rage kaɗan-kaɗan bayan gwaji, domin da zarar sun yanka ba sa karɓar mayarwa.